Tambayoyin Masu Karatu: Wai Wace Ce Vicki Bruce, Me Ta Tsinana Kan Gane Fuska?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce ina karanta ilimin halayyar ɗan Adam, aji biyu. Malaminmu in dai ya shiga zancen gane fuska to sai ya kira sunan wata Farfesa Vicki Bruce, har mun haddace sunan. Ni kuma gani nake gane fuska ai ko jariri na yi, to me ta gano haka da ake ta zuzuta ta? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam malama ɗaliba. Gaskiya malaminku bai yi laifi ba, don duk wanda zai koyar da wannan fanni da wuya ya kauce mata. 'Yar Birtaniya ce, ta yi digirin digirgir a Cambridge, ta koyar a jami'o'in Nottingham da Stirling da Edinburgh kafin ta koma Newcastle, a 2015 kuma Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar girman da mace ke zama Dame saboda aikinta.

Abin da ya fara fito da ita maƙala ce da suka rubuta ita da wani masanin halayyar ɗan Adam, Andy Young, a 1986. Cewa suka yi gane mutum ba lokaci guda ƙwaƙwalwa ke yinsa ba, mataki-mataki ne, da farko ta ɗauki fasalin fuskar, sai ta duba ko ta taɓa ganinta, sai ta jawo bayanin mutumin wato ina kika san shi, me yake yi, sannan can a ƙarshe suna ya zo. Shi ya sa za ki haɗu da wata mata a gidan biki kina ta gaisuwa kina washe baki, kin san maƙociyar gwaggonki ce, kin ma san tana sayar da atamfa, amma sunan ya maƙale ya ƙi fitowa. Akasin haka kuwa, a ce kin tuna sunan amma ba ki san ko wace ce ba, da ƙyar yake faruwa, kuma tsarin nasu ya yi bayanin dalili. Sun kuma ce karanta fushi ko murna a fuska hanyarsa daban da ta gane mai fuskar. Wannan maƙala an kafa hujja da ita sau dubbai, har masu ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa irin su James Haxby da suka fitar da nasu tsarin a 2000 a kanta suka ɗora. An soki wasu sassanta daga baya kam, musamman batun raba hanyoyin nan biyu, amma ai sukar ma alama ce ta cewa kowa daga wurinta yake tashi.

Ni dai a ganina ba nan ne babban aikinta ba. Kin ce ko jariri na gane fuska, e haka ne, amma fuskar wa? Ta uwarsa. Abin da ita da abokan aikinta irin su Mike Burton suka nuna shi ne mun ƙware sosai a fuskar wanda muka sani, a fuskar baƙo kuwa ba mu da kataɓus kuma ba mu san ba mu da shi ba, nan matsalar take. A 1999 sun ɗauko bidiyon kyamarar tsaro mai dishi-dishi na malaman jami'ar Glasgow suna shiga gini, ɗaliban da malaman ke koyarwa suka gane su ba wahala duk da hoton bai fita ba, waɗanda ba su san su ba suka yi ta kuskure, 'yan sanda masu shekaru a bakin aiki su ma ba su fi waɗanda ba su san malaman ba. A wani gwajin na shekarar an ba mutane hoto mai kyau tas na mutum ɗaya da hotunan mutane 10 a gabansu a ce su nuna shi a cikinsu, ba maganar tunawa ma, ga hoto ga hoto, amma kusan kashi 30 cikin 100 na amsoshin kuskure ne.

To kin ga wannan ya taɓa kotu, ya taɓa shaidar gani da ido, ya taɓa duk wani mai duba katin shaida a bakin ƙofa. Waɗanda suka biyo sahunta sun gwada jami'an fasfo a Ostireliya a 2014, suka samu sun amince da kashi 14 cikin 100 na hotunan da ba na masu su ba, kuma daɗewa a aiki bai sa wani ya fi wani ba. Daga irin wannan bincike ne hukumomi suka fara gwada ma'aikata don zaɓo masu baiwar gane fuska maimakon a ce kowa zai iya. Tana kuma cikin waɗanda suka ƙirƙiro manhajar EvoFIT a Stirling tare da Charlie Frowd da Peter Hancock, wadda 'yan sandan Birtaniya ke amfani da ita wajen haɗa hoton wanda ake zargi, maimakon a ce wa shaida zaɓi hanci zaɓi baki sai a nuna masa fuskoki cikakku ya riƙa zaɓar mafi kama.

TAMBAYA: Malam to in haka ne hoton da ke katin jarrabawa meye amfaninsa? Daga wani malamin sakandare a Maradi.

AMSA: Yana da amfani malam, yana tsorata mai niyyar shiga wa wani, kuma in bambancin a fili yake za a kama. Amma in mai sa ido bai san yaran ba, ga hoton ƙarami an ɗauka shekara biyu da suka wuce, to kar a dogara da shi kaɗai. Ku sa malamin ajinsu ya tsaya bakin ƙofa lokacin shiga, shi ko daga nesa zai ce wannan ba ɗan ajina ba ne, in kuma akwai na'urar ɗaukar zanen yatsa a haɗa da ita.