Wasan Kartar da Ba a Cin Abokin Zama

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni da aminina mun saba buga Whot da yamma a Jekadafari, a nan Gombe, amma kusan kullum musu ne ke tashin mu. Na ji an ce a Japan akwai ƙananan wasannin karta waɗanda mutum biyu ke haɗa kai, su ci tare ko su faɗi tare. Shin gaskiya ne, kuma yaya ake yin su?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya aka faɗa maka. A Japan akwai baje kolin wasanni mai suna Game Market, wanda aka fara a Tokiyo a shekarar 2000, inda masu ƙirƙira ke kawo wasanni a ƙananan kwalaye, wasunsu ba su fi cikin aljihun riga ba, kuma daga cikinsu akwai na haɗin kai. A irin waɗannan wasanni abokin karawarku shi ne dokar wasan kanta, kuma abin da ke sa musu armashi shi ne an hana ku faɗa wa juna abin da ke hannunku kai tsaye.

Wanda zan fara ba ku shawara a kansa shi ne ito, wanda kamfanin Arclight ya fitar a 2019. Katunansa lambobi ne daga 1 zuwa 100. Kowa zai ja nasa ya ɓoye, sannan a zaɓi maudu'i, kowa ya kwatanta girman lambarsa da wani abu ba tare da ya ambaci lambar ba, burin kuwa shi ne a ajiye katunan daga ƙarami zuwa babba. A ce maudu'in shi ne abin tsoro. Idan 7 ke hannunka, sai ka ce ƙadangare. Idan amininka na riƙe da 92, sai ya ce haɗuwa da giwa a dajin Yankari. Wannan mai sauƙi ne. Wuyar tana zuwa ne idan kai kana da 54, shi kuma 58, ka ce tsallaka rafi da damina, shi ya ce hawa acaɓa da dare, domin a nan sai ka san wanne ne ya fi tayar wa mutumin naka hankali, ba wanda ya fi tayar maka ba. A ganina, shi ya sa wasan ya fi dacewa da tsofaffin abokai fiye da sababbin sani. Da yake ku biyu ne kawai, ku riƙa jan kati biyu ko uku kowannenku, don kada a gama tun ba a fara ba.

Idan kuna son wanda aka tsara musamman domin mutum biyu, akwai Sail, wanda 'yan Japan biyu, Akiyama Koryo da Korzu Yusei, suka ƙirƙira, kamfanin Allplay na Amurka ya buga shi a 2023. Jirgin ruwa guda kuke tuƙawa, kowa yana ajiye kati ɗaya, alamomin katunan biyu ne ke nuna abin da jirgin zai yi, kuma ba a yarda ku tattauna katunanku ba. Yana bukatar haƙuri, kuma mai saurin ɗora wa wani laifi zai sami abin musu ko a nan.

Za ka kuma ci karo da Hanabi a intanet. Sunansa na Japan ne, amma Bafaranshe Antoine Bauza ne ya ƙirƙiro shi a 2010. A cikinsa kana ganin katunan abokinka, naka kuwa ba ka gani.

Kafin ka kashe kuɗi wajen yin oda daga waje, ka sayi kwali a kantin littattafai, ka yanka shi gida 100 daidai wa daida, ka rubuta lambobin da alƙalamin da ba ya ɓullowa ta baya, ku gwada salon ito na ɗan lokaci. Maudu'an ma ku tsara naku, kamar tsadar kaya a kasuwa ko nisan garuruwa daga Gombe, inda Kumo za ta zama lamba ƙarama, Legas kuwa ta kusa da 100.