Amsa: Da me sabon marubucin shafi a jarida zai fara?

Malam, ka tambayi abin da mai son riƙe shafin mako-mako a jarida zai fara koya, tunda ka ce ra'ayi kana da shi, zuba shi a takarda ne yake gagararka. Na daɗe a wannan aiki, kuma darasina na farko shi ne raba labari da sharhi. Labari yana amsa tambayoyi shida: wa, me, ina, yaushe, don me, da ta yaya, kuma ana sa mafi muhimmanci a sama, domin idan wuri ya yi kaɗan, daga ƙasa edita yake datsewa. Sharhi kuwa ra'ayinka ne, amma hujjar da ka ɗora shi a kanta sai ka tabbatar da ita daga majiya fiye da ɗaya kafin ka rubuta.

Editan da na fara aiki a ƙarƙashinsa yakan ɗauki jan biro ya soke sakin layina na farko gaba ɗaya, ya ce share fage kawai nake yi, maganar a na biyu ta fara. Abin yakan ƙona mini rai, amma yawanci shi ke da gaskiya. Har yau nakan karanta rubutuna da ƙarfi kafin in miƙa, kuma duk jimlar da numfashina ya ƙare a tsakiyarta sai in raba ta biyu.

Ka kula da sunayen mutane da lambobi. Na taɓa kuskuren harafi ɗaya a sunan wani da na yi hira da shi, kuma gyaran da aka buga washegari bai hana shi daina ɗaukar wayata ba.