Motar batir ko ta haidurojin: amsa ga mai tambaya

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ƙanenmu ya tambaya wace ce za ta ci kasuwa nan gaba, motar batir ko ta haidurojin, kuma wacce ya kamata mu a Damagaram mu sa wa ido. Sana'ata wutar mota ce da haɗa sola, don haka ta ɓangaren wuta zan yi magana.

Duka biyun fa motocin lantarki ne, abin da ke juya taya iri ɗaya ne. Ta batir tana ajiye wutar da aka yi mata caji. Ta haidurojin kuwa tanki take ɗauke da shi na iskar haidurojin, wata iska marar nauyi, da aka matse har bar 700 (bar ma'aunin ƙarfin matsi ne), sai wata na'ura ta haɗa ta da iskar sarari, wuta ta fito, ruwa ya ɗiga ta salansa. Toyota Mirai, wadda ta fito a 2014, da Hyundai Nexo su ne fitattu. Cika tankinsu bai wuce minti biyar ba, kuma wannan ne ke burge mutane.

To amma daga ina haidurojin ɗin zai fito? Yawancin wanda ake sayarwa a duniya yau daga iskar gas ake ciro shi, wato hayaƙin yana can masana'anta ko da motar ba ta yi ba. In kana son haidurojin mai tsabta sai ka fasa ruwa da lantarki ka ciro shi daga ciki. Samar da kilo ɗaya na haidurojin yana cin wuta kilowat-awa (ma'aunin wutar da mita ke ƙirgawa) 50 ko fiye, da tataccen ruwa aƙalla lita 9, ba ruwan ƴan ga-ruwa ba. Kilon nan zai kai Mirai kusan kilomita 100. Motar batir kuma tana yin wannan tafiyar da kilowat-awa 15 zuwa 20. Kun ga wutar da za ta kai motar haidurojin ɗaya Matamaye, ita ce za ta kai motocin batir uku. Kamar ka sayar da hatsinka da araha ne lokacin kaka, ka dawo ka saye shi da tsada da bazara. A ƙasar da ke da rarar wuta ana iya kau da kai daga wannan asara, mu kuwa kaso mai yawa na wutarmu daga Najeriya yake zuwa, kuma kowa ya tuna yadda aka sha duhu da aka yanke layin a watan Agustan 2023.

Sai maganar gidan mai. Tashar haidurojin kuɗi ne mai nauyi, ko a Turai da Amurka ba su da yawa, har wasu an rufe su a Kalifoniya. Wutar caji kuwa duk wanda ke da fale-falen sola a kan rufinsa yana da ita. Shi ya sa a 2024 aka sayar da motocin caji sama da miliyan 17 a duniya, yawancinsu a ƙasar Sin, alhali na haidurojin ba su kama ƙafarsu ba ko kusa. Habasha ma a shekarar ta hana shigo da ƙananan motocin fetur, saboda ta dogara da wutar madatsun ruwanta.

Kada a ce na yabi batir ba aibi. Zafi ne babban abokin gabarsa. Cikin Afrilu da Mayu muna wuce digiri 40, kuma na ga batura da dama sun mutu kafin lokacinsu don an ajiye su a ɗakin kwano ba iska. Ga doguwar tafiya: daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, kuma ba wanda zai ɗauki hanyar Agadas da motar da bai san inda zai yi mata caji ba. A manyan motocin kaya haidurojin yana da hujja, tunda batirin da zai ja tirela nauyinsa ya yi yawa. Kuma a Mali akwai ƙauyen Burakebugu, inda aka ci karo da haidurojin a ƙarƙashin ƙasa a 1987 wajen haƙar rijiya, daga baya har aka ba ƙauyen wuta da shi. Duk da haka, ga matatar mai ta SORAZ a ƙofar gidanmu tun 2011, ni a ganina gazuwal zai daɗe yana jan tirelolinmu.

Inda nake ganin canji zai fara mana shi ne babur da adaidaita sahu. Ɗan kabu-kabu yawonsa tsakanin Birni, Zango da Kasuwar Dole ne, batirinsa ƙarami, ana iya cire shi a musanya da cikakke a shago mai sola.

In za ka saya, ƙanena, tambayi irin batirin. Guji na dalma irin na motocinmu na da, nemi na litiyum, musamman wanda ake kira LFP, ya fi jure zafi. Ka tabbatar akwai mai sayar da batirin da cajarsa a kusa, ko nan ko Maraɗi ko Kano. Kuma in ka dawo daga aiki da rana tsaka, bar shi ya huce a inuwa kafin ka jona shi.