Tambayi Likita: Hannun da ya saki bayan hatsarin babur

Tambaya: Likita, na faɗo daga raksha (babur mai ƙafa uku) kwana 10 ke nan. Hannuna yana motsi, amma yatsu biyu kamar tururuwa na yawo a ciki. (Wani matashi, Maiurno)

Amsa: Tunda yana motsi, da alama jijiya ce ta jawu, kuma irin wannan yakan warware cikin makonni. Duk da haka je a duba ka. In ƙarfin hannun ya fara raguwa, kada ka kwana.

Tambaya: Ɗana ya yi hatsarin babur wata huɗu da suka wuce. Hoto bai nuna karaya ba, amma hannun dama ya saki gaba ɗaya. Mai ɗori ya ɗaure, an yi masa sakiya a kafaɗa, yanzu ana cewa iska ce. (Wata uwa, Gadarif)

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Babu ruwan iska a nan. Daga lakar wuya akwai saiwoyin jijiya biyar da ke fitowa, su sarƙe a bayan ƙashin wuya, su bi ta hammata, su rarrabu har yatsu. Su ne ke kai wa hannu motsi da ji. Idan mutum ya faɗi, kai ya yi gefe guda, kafaɗa ta yi wani gefen, sai su jawu, ko su tsinke, ko su tumɓuke daga jikin lakar. Hoton ƙashi ba ya nuna wannan, shi ya sa aka ce muku ba komai.

Sakiyar ce ta ɓata mini rai. Hannun da ba ya ji, an ɗora masa ƙarfe mai zafi! Me ake nema ban da gyambo? Mai ɗori ya iya ƙashi, amma jijiyar da ta tsinke ba ta ɗoruwa da kara da tsumma.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Jijiya tana tsirowa kusan milimita ɗaya a rana. Tsokar da jijiya ta daina kai wa saƙo kuwa kamar gonar noman rani ta Jazira ce da aka toshe wa ruwa: bayan shekara zuwa shekara ɗaya da rabi, ko an buɗe ba ta farfaɗowa. Don haka likitoci suka fi son yin tiyata tsakanin wata uku zuwa shida. Ɗanki yana cikin wannan lokacin, amma saura ƙiris.

Na san yadda yaƙin nan na Sudan ya ɗaiɗaita asibitoci tun Afrilun 2023, ga tsadar mota. Duk da haka ku kai shi wurin likitan ƙashi a wannan makon, a tura shi ga mai tiyatar jijiya, a yi hoton MRI da gwajin lantarki na tsoka. Idan fatar idonsa ta wannan ɓangaren ta ɗan sauka, ku faɗa, alama ce ta tumɓukewa.

Idan tsinkewa ce, akan ciro siririyar jijiya daga sha-raɓa a cike giɓin. Idan ta tumɓuke, ba a iya mayar da ita, sai a karkato wata mai lafiya, kamar ta tsakanin haƙarƙari, a jona wa tsokar damtse. Lanƙwasa gwiwar hannu ake fara nema, don ya iya kai loma baki. Yatsu su ne masu wuyar dawowa, ba zan ɓoye miki ba. Sakamako yakan ɗauki shekara ko fiye. Kafin nan a rataye hannun, a riƙa motsa masa kowace gaɓa kullum don kada ta sandare, a nisanta shi da murhu da shayi mai zafi. Hajiya, a wannan makon.

Tambaya: Hannuna ba ya ji, amma raɗaɗi kamar wuta yana hana ni barci. Tramadol nake sha. (Wani, Kasala)

Amsa: Malam, raɗaɗin jijiya ne, yana da magungunansa daban, irin su gabapentin da amitriptyline, amma likita ne zai rubuta. Tramadol zai kama ka. Kada ka yanke shi rana ɗaya, je a rage maka a hankali.

Tambaya: Nawa ya shekara biyu. Na makara ke nan? (Wani direba, Damazin)

Amsa: Jona jijiya kam ya wuce. Amma akan ɗauko tsoka daga cinya a dasa a damtse, ko a daidaita kafaɗa ta tsaya. Je a auna abin da ya rage maka.