Baba ya ɓoye ciwon ƙafarsa don kada a yanke, yaya zan yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina shekararsa 64, ya shekara 11 da ciwon suga. Da a kemis ɗin unguwa yake sayen maganinsa, sai watan jiya aka tura mu asibitin koyarwa, sashen masu suga. Tunda muka je ake ta yawo da mu: yau likitan ido, gobe mai tsara abinci, jibi gwajin fitsari. Baba ya ce neman kuɗi ne kawai. Abin da ya hana ni barci shi ne akwai ciwo a ƙasan babban yatsansa yau mako uku, ya hana ni faɗa, ranar da nas ta ce ya cire takalmi ma cewa ya yi yana sauri. Abokansa na majalisa sun ce daji ne, daji kuwa ba ya son allura, kuma in likitoci suka gani yanke ƙafar za su yi. Yanzu wani mai magani ke ba shi garin barbaɗawa. Shi dai ya ce ba ya jin zafi ko kaɗan. Dole ne sai mun ga duk mutanen nan? Kuma mu jira ranar da aka ba mu a wata mai zuwa?

AMSA: Wa'alaikumus salam Malam. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka maka da ɗawainiyar da kake yi. Kada ku jira wata mai zuwa. Gobe da safe ku koma, ka samu nas ɗin nan ka ce mata akwai gyambo a ƙafa mako uku. Idan kuwa yatsan ya fara baƙi, ko ƙafar ta kumbura, ko tana wari, ko Baba na zazzaɓi, to yau ɗin nan ne, sashen gaggawa, ko da dare ne.

Yawon da ake yi da ku ba zan kare shi duka ba. Ni kaina abin na ci min rai, a ce dattijo ya yi asubanci ya bi layin kati, fayil ya ɓata tsakanin wannan ofis da wancan, sannan a ba shi ranaku uku daban-daban don abin da za a iya gamawa a wuni ɗaya. Wannan gazawar tsari ce, kuma kana da haƙƙin roƙon a haɗa muku ranakun. Amma mutanen da ake tura ku wurinsu kowa da abin da yake farauta. Likitan ido yana ɗiga magani ya buɗe ƙwayar idon don ya ga jijiyoyin bayan ido, domin suga na ɓata su shekaru kafin mutum ya ce ganinsa ya ragu. Gwajin fitsarin yana neman furotin ɗin albumin da ƙoda ke fara yoyonsa tun ba a ga kumburi ba. Waɗannan sau ɗaya ne a shekara in komai lafiya. Gwajin HbA1c kuma shi ke tona yadda suga ya zauna a wata biyu zuwa uku da suka wuce, ba na safiyar ranar asibiti ba da wasu ke ƙin karin kumallo don lambar ta yi kyau. Mai tsara abinci kuwa ita za ta gaya wa Baba cewa malmala uku ta tuwon alkama ba ta fi malmala ɗaya ta masara sauƙi ba. Ni likita ɗaya, da layin mutane a bakin ƙofa, ba zan iya wannan duka ba.

Yanzu ga inda nake so ka zauna ka saurare ni, don babu makon da ba na cin karo da wannan magana.

Ka ce ba ya jin zafi. Baba ya ɗauki wannan alamar sauƙi, ni kuwa ita ce ta fi tsorata ni a duk wasiƙarka. Shekara 11 na suga ta isa ta kashe jijiyoyin ji na tafin ƙafa. Zafi shi ne maigadin jiki. Mai lafiya in ya taka ƙaya zai ɗingisa, ya zauna, ya cire. Wanda jijiyarsa ta mutu zai taka ƙusa ya wuni da ita a cikin takalmi, ya je kasuwa ya dawo, kowane taku yana ƙara nutsa ta. Na taɓa cire wa wani dattijo silifa na tarar da ƙaramar ƙusa ta huda robar, tsininta na cikin raunin, shi kuwa yana ta ba ni labarin gonarsa. Da hunturu kuma masu jin ɗumin garwashi ne ke zuwa da ƙuna, ba su sani ba sai da iyali suka ji ƙauri. Don haka ne nas ta ce ya cire takalmi. Wani siririn zare take da shi kamar na kamun kifi, mai danna nauyin giram 10, ta taɓa wurare a tafin ƙafa idonsa a rufe, sannan ta lalubi bugun jini a bayan idon sawu da saman ƙafa. Minti biyar ne.

To sai batun daji ba ya son allura. Wannan ba daji ba ne, ba jifa ba ne, ba kuma wani abu ya taka ba. Rauni ne a ƙafar da jini ba ya isarta sosai, a jikin da sugansa ya raunana garkuwa, ƙwayoyin cuta sun samu abinci. Garin da ake barbaɗawa, ko toka, ko man shanu, ko lalle, abin da suke yi shi ne su rufe bakin raunin ya yi ɓawo, a ce ai ya fara bushewa, alhali ruɓa na ci ta ciki tana bin jijiya har ta kai ƙashi. Wanda ya zo mana a makon farko, wanke rauni ne, kankare mataccen nama, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ɗauke nauyin jiki daga wurin, a daidaita suga, sau da yawa da allurar insulin mai sauke suga ta ɗan lokaci. Wanda ya zo bayan wata uku, a lulluɓe da tsumma, ƙafa ta yi baƙi har ƙauri, guba ta shiga jini, me ya rage wa likitan fiɗa in ba ya raba shi da ƙafar don a tsira da rai ba? Sai a koma majalisa a ce, "Ba mun faɗa ba? Da zuwansa suka yanke." Ba wanda zai tuna da wata ukun da aka kwashe wurin mai gari. Shi kuma mai garin ya karɓi kuɗinsa, ba ya zuwa dubiya, gobe yana bakin masallaci da lasifika yana cewa likitoci mahauta ne. Wallahi babu likitan da ke kwana da murnar ya yanke ƙafa.

Kuma ba yau aka gano amfanin taron dangi a kan ƙafar mai suga ba. A 1981 asibitin King's College da ke Landan ya buɗe sashe na musamman inda likitan suga, likitan fiɗa, nas, mai kula da ƙafa da mai ɗinka takalmi ke duba majiyyaci tare, kuma cikin 'yan shekaru yawan manyan yanke ƙafa a wurinsu ya ragu da kusan rabi. A 1989 aka yi taro a garin St Vincent na Italiya, ƙasashen Turai suka sa wa kansu burin rage yanke ƙafa da rabi. Mu nan ƙwararrun masu kula da ƙafa ba su da yawa, nas da likitan fiɗa ke ɗauke nauyin, amma aikin ɗaya ne, kuma mafi yawan ƙafafun da ake yankewa da ɗan rauni irin na Baba suka fara.

Shawo kan dattijo sai da dabara. Kada ka yi masa gardama a gaban abokansa. Ka nemi wanda yake jin nauyinsa, ƙanensa ko limamin unguwa, a gaya masa ba mai taɓa shi da wuƙa sai da izininsa, dubawa kawai za a yi. A daren nan a wanke garin da ruwan da aka tafasa ya huce da ɗan gishiri, a rufe da bandeji mai tsabta, kada a jiƙa ƙafar a roba, kada a kira wanzami, kuma ya rage takawa. Ku zo da duk magungunansa a leda, har da garin. Bayan ya warke, kai ko Hajiya ku riƙa duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kullum bayan alwalar isha'i, a goge su bushe, a daina yanke kantar ƙafa da reza, kuma ya zazzage takalminsa kafin ya sa.