Me ya sa ba mu mayar da gonar fili ba?

Yarona, ka tambaye ni me ya sa muke shan wahalar noman inabi a wannan gangara, ga fili shimfiɗe can ƙasa inda tarakta za ta yi aikin cikin sauƙi. To, saurara.

Nan kwarin Mosel na Jamus muna arewa sosai. Rana ba ta tsayawa a tsakar ka, a karkace take zuwa, kuma gangarar da ta kalli kudu ita ce ke tarar ta sosai. Kogi yana maido mata da haske, da kaka kuma ya hana sanyi saurin sauka. Sai dutsen nan mai ɓarewa falle-falle, wanda kake cewa ya cinye maka takalmi. Ɗora tafin hannunka a kansa bayan faɗuwar rana, za ka ji ɗuminsa bai tafi ba. Riesling da muke nomawa inabi ne mai nawar nuna, sai Oktoba ake tsinkarsa, wani lokaci har Nuwamba. Can ƙasa sanyi yake kwanciya, 'ya'yan su tsaya da tsami. Shi ya sa duk dutsen da ruwan sama ya gangarar muke kwasowa a baya mu mayar sama.

Ba mu muka fara ba. A garin Piesport na nan kwarin, a 1985, an tono wurin matse inabi na Rumawa a gindin gangara. A garin Neumagen kuma akwai jirgin ruwa da suka sassaƙa a dutse, maƙare da gangunan giya. A 1787 Clemens Wenzeslaus, babban limamin cocin Trier mai mulkin yankin, ya sa a tumɓuke inabi maras kyau a dasa mai kyau. Da Faransa ta ci ƙasar nan a zamanin Napoleon, aka yi gwanjon gonakin coci, gidaje irin namu suka samu shiga. Rabon gado ne ya yanyanka su, shi ya sa kake ganin layukanmu a warwatse tsakanin na maƙwabta.

Tsofaffin kurangun can sama kakana ne ya dasa su, kuma ba masu aure ba ne, a kan saiwarsu suke. Ƙwaron da ya halaka gonakin inabin Turai a ƙarni na 19 bai iya zama cikin wannan dutse sosai ba. 'Ya'yan kurangun kaɗan ne, amma ba zan musanya su da ko wane fili ba.

Aikin akwai tsada, wannan gaskiyarka ce. Komai da hannu ake yi, wasu maƙwabta sun bari, ƙaya ta cinye gonakinsu. Ban zarge su ba.

Gobe ɗaure za mu yi. Kowace kuranga da turkenta, rassa biyu za ka lanƙwaso, ɗaya dama ɗaya hagu, ka ɗaure a jikin turken. Da safe za mu fara, tun reshe na da laima, don idan ya bushe karyewa yake.