Amsa kan baƙin ɗigo-ɗigo a hammata da matsematsi

Malama, kin tambaya ko baƙin ɗigo-ɗigon da ke fito wa 'yan gidanku a hammata da matsematsi alamar ciwon sukari ne. Siffar da kika bayyana ta fi kama da cutar Dowling-Degos, wadda gadonta ake yi kuma ba kasafai ake ganinta ba. Takan ɓullo bayan balaga, ɗigon yana haɗuwa kamar saƙar raga, alhali baƙin da ke tafiya da sukari kauri yake sa fata. A ƙarƙashin madubin likita, ana ganin saman fata ya miƙa siraran rassa ciki kamar saiwa, launi ya taru a bakinsu, amma ƙwayoyin da ke samar da launin ba su ƙaru ba. Ki nemi likitan fata ya ɗebi ɗan yanki ya duba.